Tarin Kare da Masu Dubiyar Baba

Karen nan ba ni na nemo shi ba. Wani abokina na garin Gabi ne ya tashi tafiya cin rani Nijeriya, ya kawo mini shi a bayan moto, wato babur, ya ce in riƙe amana, ya dinga yi mini gadin garka a bakin tabki. Su a gidansu kare ɗan gida ne. A namu kuwa, mahaifina ya dube shi sau ɗaya ya ce iyakarsa bayan zaure.

Ashe da tari ya zo, irin mai kakari, kamar tsohon da ƙayar kifi ta maƙale wa. Na kai shi wurin likitan dabbobi, ya yi masa allura, ya ce ciwo ne da karnuka ke ɗauka a junansu, zai tafi amma sai da haƙuri. In daina ɗaure shi a wuya, in nisanta shi da hayaƙin bandar kifi na bakin tabki. Duk na yi. Har zuma nake ɗiga masa a kunu, matata tana cewa ko ita ba ta sami wannan gatan ba da mura ta kwantar da ita. Tarin ya yi sauƙi, amma ya ƙi tafiya.

To, bayan zauren nan jikin ɗakin Baba yake, kuma katanga ɗaya ce tsakaninsa da hanyar kasuwa. Kafin ka ce me, magana ta zagaye garinmu Madarumfa cewa jikin tsoho ya yi tsanani. Mata suka fara shigowa da kwanonin kunu: "Sannu Baba, ya jiki? Allah ya sa kaffara ce." Mutumin da kullum yake zuwa gona da ƙafarsa. Da fari yana bayani, daga baya ya gaji. Ranar da liman ya zo da kansa ya yi masa addu'a, Baba ya kira ni.

"Ina raye ana auna mini likkafani? Kafin kasuwa ta ci ka fitar mini da karen nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na saba da shi, kuma ban san inda zan kai kare mai tari a karɓa ba.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, na ɗauko igiya ke nan sai ga sallama. Ƙanen Baba ne daga garin Ɗan Issa. Rabonsu da magana tun rikicin gonar gado, ina yaro. Ya durƙusa, idonsa jajir.

"Yaya, na ji labari. Ban so ƙasa ta rufe idon ɗayanmu ba mu yafi juna ba."

Na buɗe baki zan ce ai kare ne. Baba ya watso mini harara. Sai ya dafe ƙirji ya yi wani tarin ƙarya da ko yaro ba zai yarda da shi ba, ya ce, "Zauna, ɗan'uwana. Jiki kam sai a hankali."

Suka wuni a tabarma ɗaya, suka ci tuwo a kwano ɗaya. Duk sanda karen ya yi kakari a bayan katanga, sai Baba ya yi maza ya kai hannu baki. Ni dai na koma garka, don dariya ta kusa tona mana asiri.

Da la'asar, bayan mun raka baƙo tasha, Baba ya ga na sake ɗauko igiyar.

"Ina za ka da ita?"

"Karen zan fitar, Baba."

"Kai ba ka da tausayi ne? A gidan nan ba a korar mara lafiya."