Bakin Sakkwato a Gidan Rediyo

Ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin watsa labarai na Kaduna lokacin da ake shirin zaɓe, ana ta maganar mulkin kai. Aikina rubuta sharhi a kan siyasa, wani ya karanta a rediyo. Wata rana shugabanmu, wani Bakano mai yawan fara'a, ya ce wannan karon ni zan karanta da bakina.

Na gaya wa matata, ita kuma ta kai wa mahaifinta, wanda muke zaune a gidansa a Doka. Tsohon akawu ne, yana da akwatin rediyo a zaure. Ya gayyato maƙwabta, aka shimfiɗa tabarmi, aka sayo goro.

Kafin a sa ni, aka ce in gwada. Ni Basakkwace ne. A takarda na rubuta "muka ji", amma bakina ya ce "munka jiya". Na ga mai kula da na'ura yana danne dariya. Shugaba ya dafa kafaɗata.

"Malam, sharhinka ya yi kyau. Amma bari wani ya karanta, kada mutane su bar maganar su bi bakinka."

Ina tsaye a baranda na ji kalmomina suna fita da muryar wani.

Da na koma gida bayan la'asar, baƙin ba su watse ba. Na yi sallama ƙasa-ƙasa, na durƙusa.

"Baba, ba a samu dama ba."

"Mun ji sharhin, ya yi ma'ana," in ji surukina, bai dube ni ba. Ya miƙa mini goro. Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi.

Daga nan na shiga gyara harshena. A kan keke nake maimaita "muka", "suka", har aka fara ba ni sharhin ina karantawa a rediyo. Na yi shekaru ina sharhi, aka san muryata.

Ana nan kawuna ya zo daga Sakkwato. Da na dawo daga aiki na tambaye shi ko ya saurare ni.

"Na jiya wani Bakano shina magana," ya ce. "Ashe kai na?"

Na buɗe baki in amsa masa da harshen gida, sai na ji ya yi mini nauyi. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ne, Kawu."