Daminar da Na So Zama Ponpiye

Na ci bak, jarrabawar gama babbar sakandare, a lise na Tasawa ana tsakiyar damina, gero ya kai gwiwa. Da na koma ƙauyenmu, can arewa da Urafane, aka yanka mini zakara, aka ci, aka watse. Washegari da sassafe Baba ya miƙo mini hauya. A gona ne ya tambaye ni abin da zan yi da takardar da na samo.

Na ce, "Baba, ponpiye nike so in zama."

Bai tsaya ba. Sai da ya kai ƙarshen layinsa ya juyo, sannan ya ce, "Mi ke nan?"

"Masu kashe gobara."

"Gobarar wa?"

"Ta kowa."

"Ranar da ba a yi gobara ba fa?"

"Sai su jira."

"Kuma a biya su?"

Na ce e. Ya duba hannuwansa, ya duba gonar, ya ce aikin bai da laifi.

Ban gaya masa inda na samo wannan tunani ba, don ni ma da na auna shi sai na ga bai da nauyi. Wata rana ce a Maraɗi, na je hutu wurin ƙanwar Baba, wadda muke kira Gwaggo. Muna bakin titi sai ga wata jar mota tana jiniya, kowa na darewa, har masu manyan motoci. A bayanta mutane ne zaune da hulunan ƙarfe. Da ta rage gudu a gabanmu na ga ɗaya daga cikinsu yana ɓare gyaɗa yana jefawa a baki. Ni a lokacin ko mushenmu, malamin lissafi, ya kira ni gaban allo sai in rikice. Ga mutum za shi wurin wuta yana cin gyaɗa. Abin ya zauna mini.

Inna ba ta hana ni ba. Ta dai tuna mini cewa duk ranar da ta sa ni hura murhu, da hawaye nake tashi. Kawu, yayanta, tsohon soja ne, shi ya yi mini bayani mai amfani. Ya ce ponpiye sojoji ne, ana ɗaukarsu ta konkur, wato jarrabawar gasa, a Maraɗi bayan kaka, kuma kafin a dubi takardar mutum sai an dubi ƙafarsa. Ya ce in fara gudu.

Na fara. Kowace safiya kafin mu tafi gona sai in kama hanyar Urafane, yashi na cinye mini ƙafa har idon sawu. A wajenmu babba ba ya gudu haka nan. Matan da ke kora jakuna zuwa kasuwa sukan tsaya su dubi bayana su ga abin da ya biyo ni. Wani tsoho ya taɓa jefar da damin itacensa ya bi ni a guje, muka yi nisa tare kafin ya sami numfashin tambaya ko lafiya.

Baba dattijo ne a majami'armu, wani ɗan ɗakin ƙasa mai rufin kwano wanda ba mu cika shi sai ranar Kirsimeti. Ranar Lahadi ya tashi ya roƙi ikilisiya ta sa ni a addu'a. Fasto ya yi addu'ar, kuma shi mutum ne mai murya. Bayan katangar majami'ar akwai rijiyar gari, inda maƙwabtanmu Musulmi da kowa da kowa ke ɗibar ruwa. Kafin ranar kasuwa labari ya zaga ƙauyuka. A hanya ne aka yar da rabin maganar. Ni na ce ina so in zama, amma abin da ya isa kunnen mutane shi ne na zama. Daga nan ba wanda ya sake kirana da sunana.

Duk daminar nan ba a yi gobara ko ɗaya ba. Kome a jiƙe yake. Inna ma da ƙyar take samun wutar girki.

Wata rana da hantsi muna maimai a gona sai ga raƙumi ya nufo mu. Mai shi abokin Baba ne, makiyayi, kakanninsa daga Abzin suka gangaro, amma Hausarsa ta fi tawa. Duk shekara bayan girbi yakan sauke dabbobinsa a gonarmu su ci kara su bar mana taki. Mu yara Baba mai raƙumi muke ce masa. Ya gurfanar da raƙumin, ya sauko, suka gaisa da Baba. Suka tambayi gida, suka tambayi ruwa, suka tambayi gero da dabbobi da gajiya. Sai da aka gama duka ya ce ɗan maraƙinsa ya faɗa tsohuwar rijiya tun da safe, ya zo aron ponpiye.

Na ce, "Baba, ban zama ba tukuna. Sai bayan kaka za a yi konkur."

Ya ce, "Maraƙin ba ya kai bayan kaka, ɗana."

Na dubi Babana, ina sa ran zai ce wani abu. Ya karɓi hauyar daga hannuna ya ce in gaida mutanen zango.

Ban taɓa hawa raƙumi ba sai ranar. Zangon nasu yana kan hanyar Issawane, inda gonaki ke raguwa, ƙaya ke yawaita. Muka tarar da mutane kewaye da wani rami da ciyawa ta rufe bakinsa. Gefe guda an ɗaure saniya a jikin aduwa, tana kuka tana jan igiya. Da na sauka aka buɗe mini hanya. Wani ya ce, "Ga shi nan." Wata tsohuwa ta dube ni daga sama har ƙasa ta tambaya ina motar.

Na leƙa. Duhu ne kawai, sai wari mai sanyi, sai can ƙasa wani abu na motsi. Na tuna a aji an koya mana cewa tsohuwar rijiya kan tara mugunyar iska, kuma ana gane haka idan aka zura wuta ta mutu. Na gyara murya na ce a kawo fitila. Aka ruga aka kawo mini tocila mai batir. Na sake bayani. Aka samo gwangwani, aka sa tsumma da man shanu, aka kunna, aka zura da zare. Wutar ta kai ƙasa tana ci. Na daɗe ina kallonta, ina ba ta dama. Ba ta mutu ba.

Igiya ɗaya ce a zangon mai tsawon da zai kai, ta jan guga, ta fata. Suka gitta gungume a bakin rijiyar, suka ɗaura bakin igiyar ɗaya a jikin raƙumin, ɗayan kuma a ƙarƙashin hammatana. Baba mai raƙumi ya yi bismilla. Ni ma na yi tawa addu'ar a zuci, gajeriya. Raƙumin ya riƙa ja da baya sannu a hankali, ni kuma ina sauka ina juyawa, ƙasa na zubo mini a ka. Babu abin da na tuna na lise a wannan saukar.

Taɓo na tarar, ya kai mini cinya. Maraƙin na tsaye a ciki, ja ne mai farin goshi, ko kuka ba ya yi. Taɓon ne ya cece shi daga karaya. Ya sansana ni, ya kama gefen rigata ya fara tsotsa. Na kwance igiyar daga jikina, na zagaya ta bayan ƙafafunsa na gaba, na ƙara da rawanin da aka jefo mini don kada ta yanke shi. Ya take ni sau da yawa. Na ɗaga kai na yi kira a ja.

Ya tashi sama yana harbin iska, taɓo na ɗigo mini a fuska. Na ga ya toshe hasken bakin rijiyar, na ga hannuwa sun kama shi, na ji guɗa. Daga nan sai na ji ihu iri dabam, da ƙarar ƙafafu, da wani yana zagin raƙumi. Hayaniyar ta yi ta nisa har ta ɓace.

Daga baya ne aka ba ni labarin abin da ya faru. Saniyar da ta ga ɗanta ta tsinke igiyarta ta yo kan mutane. Raƙumin ya firgita ya zabura, igiyar gugan na biye da shi. Maza suka bi raƙumi, mata suka bi saniya. Ni dai a lokacin abin da na sani shi ne ina tsaye cikin taɓo, sama ta koma kamar faifai, kuma ba kowa.

Na yi kira. Muryata ta hau ta dawo mini. Wutar gwangwanin ta cinye manta ta mutu. Akwai kwaɗi a wurin, ba su damu da ni ba. Na jingina da bango, sai ƙasa ta fara zubowa, na daina jingina. Na yi tsammanin tsoro zai kashe ni, amma tsoron ya zo ya yi abin da zai yi, ya gaji, ya bar ni da sanyi da yunwa. Na yi tunanin abokan ajinmu da suka ce za su karanta likitanci a Yamai. Na yi tunanin ko a cikin aikin ponpiye akwai wanda aka ware musamman don ya tuna da na cikin rami.

Can sai wani kai ya leƙo. Uwargidan Baba mai raƙumi ce.

"Ponpiye, kana nan?"

"Ina nan, Inna."

"To, kada ka tahi ko'ina. Sun bi raƙumin."

Ta ɓace. Da ta dawo sai ga ƴar ƙwarya tana saukowa da zaren da aka zura wutar, nono ne a ciki, rabi ya zube a hanya. Na sha. Ta zauna a bakin rijiyar tana yi mini hira don kada in ji kaɗaici. Ta tambayi Innata, ta tambaya ko an yi mini mata, ta ce maraƙin yana shan nono kamar ba abin da ya same shi. Rana ta karkata kafin a kamo raƙumin a gonar waken wani. Da aka jawo ni, takalmina ɗaya ya zauna a taɓon. Baba mai raƙumi ya riƙe hannuna da nasa biyu ya daɗe bai saki ba. Ya ba ni cuku a ƙunshe, ya mai da ni gida.

Baba na zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Ya dube ni, taɓo ya bushe a jikina har wuya.

"Ka kashe?"

"Ba wuta ba ce, Baba. Rijiya ce."

"An dai samu abin da aka je nema?"

"An samu."

"To madalla. Gobe muna gonar gabas."

Inna ce ta ga inda igiyar ta saɓule mini fata a hammata. Ta dafa ruwa ta gasa mini.

Abin mamaki, rijiyar ba ta kashe mini sha'awar aikin ba. Ƙara mini ita ta yi. Na ci gaba da gudu, kuma bayan an ɗaure gero na tafi Maraɗi na sauka wurin Gwaggo. Gudun konkur bai ba ni wahala ba. Wanda ya saba da yashin Urafane, in aka sa shi a ƙasa mai tauri sai ya ji kamar tura shi ake. Aka auna tsawona, aka auna ƙirjina, aka ce in wuce wurin lokotoro, wato likita.

Lokotoron ya tsai da ni a bakin wani layi, ya rufe mini ido ɗaya, ya ce in karanta abin da ke jikin bango. Na karanta babban harafin da ke sama. Ya ce in ci gaba. Na ce ai shi ke nan. Ya sauya idon, muka sake, abin bai canza ba.

"A aji ina kake zama?"

"Gaba."

"Tun yaushe?"

"Tun ina ƙarami."

"Ba ka taɓa zama baya ba?"

"Na baya ba su ganin allo."

Ya cire hannunsa daga fuskata ya ce, "Suna gani, samari." Ya yi mini magana a hankali, ya ce da irin wannan ido ba za su iya ɗaukata ba, amma abu ne da tabarau ke gyarawa.

Na yi kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Gwaggo ta bar ni na gama, sannan ta ja ni wurin masu tabarau. Da aka ɗora mini shi na fito bakin titi, sai na tsaya. Ashe daga tsallaken hanya ana iya karanta rubutun shaguna. Ashe mutum na iya gane fuskar wanda ke tahowa tun bai iso ba, ba sai ya jira muryarsa ba.

A bayan motar kaya na koma gida, ina dafe da tabarau saboda iska. Ban yi barci ba ko kaɗan. Na yi ta kallon itatuwan gawo da suka fara sabon ganye, kowane reshe dabam, da zabbin da ke tsallaka hanya, da mata can nesa suna sussuka, ina ganin tashin kowace taɓarya. A wannan shekarar na shiga makarantar horon malamai, yanzu ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Mayahi.

Da na sauka a gida ranar da na dawo daga Maraɗi, Inna na sheƙar gero a tsakar gida. Na ga furfura a gefen kallabinta, ban san tun yaushe take nan ba. Ta dube ni ta dubi abin da ke fuskata.

"Sun ɗauke ka?"

"A'a, Inna."

"Wannan ɗin su suka ba ka?"

"Gwaggo ce."

Ta ce in aje shi cikin kwanon ɗaki kada ƙaiƙayi ya ɓata shi, in zo in kama mata buhu.