Littattafan Ɗana Bakwai da Na Jiƙa a Baho

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni nas ce a wani asibiti da ke Largo, ina zaune a Greenbelt, na haura shekara ashirin a Amurka, kuma a ganina babu macen da ta fi ni hankali a duk Maryland. Baban yarana ya rasu suna ƙanana, ni kaɗai na riƙe su biyu, namiji da mace, har suka zama mutane. Wannan ya sa kaina ya kumbura. Idan na yanke magana a gidana ta yanku, ba na neman ra'ayin kowa, balle na yaran da na haifa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ko da yake matan da muke haɗuwa wajen suna da biki za su gane ni. Su gane ɗin. Dama akwai guda ɗaya a cikinsu da nake so a karanta mata.

Babban ɗana sojan ruwa ne. Likita na so ya zama, ya gama sakandare ya je ya sa hannu a takardar soja, sai da komai ya kammala ya faɗa mini. Na yi faɗa har muryata ta dushe, bai fasa ba. Haka yake tun yana ƙarami, shiru-shiru, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa. Ni kuma, da yake ɗan fari ne, ban saba zama hira da shi ba, haka na ga an yi a gidanmu a Zariya. Idan jirginsu ya fita teku sai ya yi wata shida ko bakwai ban sa shi a ido ba. Idan ya zo hutu in cika shi da abinci, in tambaye shi ko yana sallah a kan lokaci, shi ke nan hirarmu ta ƙare. Ban taɓa tambayarsa abin da yake yi da lokacinsa a tsakiyar ruwan nan ba.

Wata Asabar da safe, bayan ya koma teku, na shiga ɗakinsa neman bargo. A ƙasan kabad na ga wani kwali, a ciki littattafan rubutu guda bakwai masu baƙin bango, kowanne da lamba a goshinsa, duk cike da rubutun hannunsa. Na zauna a bakin gado na buɗe na farko. Labari ne ya ƙirƙira da Turanci. Wani jirgin ruwan yaƙi yana tsakiyar teku, sai rediyo ya ɗauke, sai labari ya iso cewa an yi musayar bama-baman nukiliya, manyan birane sun tafi. A cikin sojojin akwai wani saurayi wanda uwarsa nas ce a Largo, tana zaune a hawa na biyu a Greenbelt, tana da tabon ƙunar mai a hannun hagu, kuma ba ta iya magana ba tare da faɗa ba. Na dubi hannuna na hagu. A shafi na goma sha ɗaya kyaftin ya tara su ya karanta sunayen garuruwan da babu sauran mai numfashi, Washington, wadda muke zaune a gefenta, ita ce ta farko. Saurayin nan ya yi alwala, ya hau saman jirgi shi kaɗai, ya yi wa uwarsa sallar gawa daga nesa. A nan na rufe littafin. Ba tausayi na ji ba, tsananin fushi ne ya kama ni. Ɗan da na yi wa wahala ya zauna da biro ya kashe ni, har ya sallace ni, ina nan da raina ina soya masa nama ina ajiyewa a firiza.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce mene ne a ciki, ai labari ne. Amma mu mun san baki. A gidanmu idan yaro ya kuskura ya ce wa babba idan kin mutu, kafin ya rufe baki an buge shi, a sa shi ya yi istigfari. Ba a ambaton mugun abu a jingina shi ga mutum mai rai. Da wannan na tashi, kuma digirina bai goge shi ba. Maimakon in buɗe shafi na goma sha biyu, sai na ɗauki makullin mota na nufi garin Clinton, gidan wata Hajiya da muka mayar uwa a nan, wadda ko sunan jariri za a raɗa sai an ji ta bakinta.

Hajiya ba ta karanta Turanci, ni na fassara mata shafukan da bakina, kuma na san na ƙara gishiri. Ta yi salati, ta tafa hannu, ta ce abin da aka furta da baki ma yana kama mutum, ina ga wanda aka zauna aka rubuta da tawada har littafi bakwai. Ta ce yaran nan idan suka shiga soja wanke musu kai ake yi, su daina ganin girman uwa. Ta ce in ba gajiya ya yi da ni ba, me ya hana shi kashe wata uwar can daban, sai mai tabo a hannun hagu. Da na ce ko in jira ya dawo in tambaye shi, sai ta harare ni ta ce tun yaushe uwa take zama ɗan fari ya yi mata bayani, in raba gidana da wannan abu tun kafin ya kama ni. Ni da nake tsayawa gaban likitoci in ce ban yarda da maganin da suka rubuta ba sai na ga dalili, na zauna a kan kafet ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ƙonawa ta ce in yi, amma a irin gidajenmu ko albasa ka ƙona sai ƙararrawar hayaƙi ta tara maka jama'a. Bola kuma ban iya zubawa haka ba, don na ga sunan Allah a wasu shafuka. Sai na tara ruwan zafi a bahon wanka, na zuba sinadarin wanke farin kaya, na sa safar hannu irin ta wurin aiki, na durƙusa na dinga yage shafukan ina dannawa a ciki. Ruwan ya koma shuɗi. Na jira har takardun suka zama kamar kunu, na matse, na ƙulle a leda, na kai bola. Wallahi da na gama har wani sanyi na ji a raina, na yi nafila raka'a biyu ta godiya. Duk lokacin da na tuna nafilar nan sai in ji kamar in shaƙe kaina.

Ƙanwarsa ce ta fara ganewa. Ta zo daga jami'a ƙarshen mako, ta ga shuɗin zobe a jikin baho wanda ya ƙi fita, ta tambaya, ni kuma na faɗa mata da alfahari. Yarinyar nan ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu da Turanci. Ta ce shekara huɗu yana rubuta shi a ɗan gadonsa na cikin jirgi, bayan ya sauka daga aiki, kuma babu kwafi ko ɗaya a duniya. Ta ce ita ta karanta har na biyar. Na ce ta rufe mini baki, ba a haifi ɗan da zai yi mini mugun fata a cikin gidana ba. Ta dube ni ta ce ba za ta gaya mini abin da ke ciki ba, in jira mai shi.

Bayan wata biyu ya dawo. Na yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya gaishe ni, ya shiga ɗaki, can sai ga shi ya fito da kwalin a hannu, babu komai a ciki. Ban jira ya tambaya ba, na zazzage masa duk abin da ke cikina, har da cewa idan mutuwata yake jira ya yi haƙuri, lokacina bai yi ba. Ya bari na gama tsaf, sannan ya tambaye ni a ina na tsaya da karatu. Na ce inda ya sallace ni. Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya zauna a hannun kujera, ya ba ni sauran labarin, da Hausarsa mai karyewa, wadda rabon da in ji ya yi dogon zance da ita tun yana firamare.

Ya ce abinci ya fara ƙarewa a jirgin, sojojin suka rabu biyu, wasu na son a gudu kudu inda iska ba ta gurɓace ba, wasu na son a koma gida ko da gawarwaki za a tarar. Saurayin nan ya yi sallar, amma zuciyarsa ta ƙi yarda, don ya san uwarsa, ya san ba ta mutuwa da sauƙi haka. Littafi shida yana faɗa da manyansa da yunwa da tsoro don a juya jirgin. A na bakwai ya iso Largo da ƙafa, ya sauka ƙarƙashin ginin asibitin da ya rushe, kafin ya ga kowa sai ya jiyo wata murya a cikin duhu tana yi wa wani ƙato faɗa don bai wanke hannu ba. Uwarsa ce, ita ta riƙe duk waɗanda suka tsira a wurin. Ya ce ya sa sallar a farko ne don mai karatu ya fid da rai. Ya ce niyyarsa ya buga shi ya ba ni ranar da zan yi ritaya, tunda shi bai iya faɗin irin waɗannan abubuwa da baki ba.

Bai ɗaga mini murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ci tuwonsa, ya wanke kwanonsa. Kafin hutunsa ya ƙare ya kama hayar ɗakin ajiya mai kwaɗo, ya kwashe komai nasa daga gidana, har takalman makarantarsa. Na koma wurin Hajiya ina kuka na gaya mata, sai matar nan ta ce to ai ga shi ina nan da raina, wa ya sani ko jiƙawar ce ta tsare ni. Ko a jikinta. Tun ranar ban sake taka gidanta ba, kuma har gobe idan na ganta a taro tana ba wata yarinya shawara sai jinina ya hau. Amma ba ita ta durƙusa gaban baho ba, ni ce, kuma ni na iya karatu.

Shekara uku ke nan. Yana kirana duk Juma'a idan yana tudu, ya tambayi lafiyata da aiki, cikin ladabi kamar yana gaida maƙwabciya. Na sayi littattafai bakwai masu baƙin bango na aika masa, na roƙe shi ya sake rubutawa, abin da ban taɓa yi wa ɗa ba. Ya ce ya yafe mini, kuma ya gwada. Amma duk lokacin da ya zo rubuta matar nan ta ƙarƙashin asibiti, sai ya gan ta da safar hannu tana yage takarda, sai biron ya tsaya.

Iyaye 'yan'uwana, musamman mu da muke renon yara a ƙasar da ba tamu ba, yaran nan suna da hanyoyin faɗa mana magana waɗanda ba mu saba da su ba. Idan kin ga abin da ya tayar miki da hankali a kayan ɗanki, ki karanta har ƙarshe, sannan ki kira shi ki tambaye shi, ko ɗan fari ne, kunyar ba za ta kashe ki ba. Kada ki ɗauki rabin magana ki kai wa wadda ba ta san komai a kai ba don kawai ta girme ki. Ni na ji tsoron kada bakin ɗana ya kama ni, ashe shekara huɗu yaron ya yi yana tsallaka teku don ya same ni da rai. Ni da hannuna na hana shi isowa.