Tsuntsun Wuta a Ƙofar Kwaya

Shekarar da soja suka tattara suka bar wa farar hula mulki, kusan kowa a Katsina yana da abin da yake jira. Wani kwangila, wani kujerar kansila, wani babur ɗin da aka ce za a raba. Ni babu wanda ya yi mini alkawarin komai. Gyaran rediyo nake yi a kan wani teburi a ƙofar gidan wani Alhaji, nan Ƙofar Kwaya. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, domin an ce yayana ne babba, shi ya kamata ya ci gaba.

Alhaji aro ya ba ni wurin, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai kyauta. Sai dai ƙofar gidansa tana da dokarta. Da an yi la'asar benci yake cika, kuma duk abin da ya shigo majalisar nan Alhaji ne zai fara taɓawa. Kofin shayi na farko nasa ne. Tsire shi zai buɗe. Rediyon da na wuni ina fama da ita, in ta yi magana, sai na miƙa masa ya murɗa tukuna mai ita ya karɓa. Ba ya roƙa, ba a kuma tuna wa kowa. Haka muka taras.

Wata rana a cikin kwalin rediyoyin gwanjo na tsinci wani gem, na'urar wasan yara mai gilashi da maɓallai, ruwan toka, kamar sandar sabulu, da kaset maƙale a bayansa. Na kankare tsatsar gidan batir, na kunna, ya kama. Wani ɗan mutum ne kake yawo da shi gari-gari, kana kama dodanni. Sai ka sa naka su bugi na daji har ya galabaita, sannan ka jefa masa ƙwallo ya shige ciki, ya zama naka. In ka yi masa dukan kisa kuwa, ka rasa.

Turancin da ke fitowa a gilashin ya fi ƙarfina. Maƙwabcinmu wani Kirista ɗan Filato, ma'aikacin gwamnati, da muke ce wa Oga, shi yake karanta mini. Shi ne ya ce 'ya'yan 'yar'uwarsa a Jos suna da irinsa, kuma sun gaya masa akwai wani tsuntsu da fukafukansa wuta ce, a cikin kogo, can kusa da ƙarshen wasan.

"Guda ɗaya tak ne, Mai rediyo," in ji shi. "Ba irin waɗannan ɓerayen naka ba ne da ake tuntuɓe da su a ciyawa."

Daga ranar na sa shi a raina. Gem ɗin yana cin batir kamar jaki da dusa. Na gaji da shanya batura a kan kwano, sai na ja masa waya daga wani tsohon batirin babur da ke ƙarƙashin teburina. Tela da ke gefena ya fara da dariya, daga baya ya koma leƙe ta kafaɗata. Kafin watanni su ja, majalisa duka ta san da labarin tsuntsun.

Ranar da na isa gare shi Oga ya tafi gida Kirsimeti. Na gama tura duwatsun kogon, sai ga shi tsaye. Gilashin gem ɗin ba shi da kala, wutar ma baƙa-baƙa ce, amma wallahi sai da gabana ya faɗi. Na yi ihu. Aka taso aka kewaye ni.

Tela ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Miƙa ma Alhaji mana."

Na miƙa. Hannuna ne ya tafi da kansa, kamar yadda ya saba.

Alhaji ya gyara tabarau. "Wanne ake dannawa?"

"Wannan, Alhaji, amma..."

Bai jira sauran ba. Ya danna, ya sake dannawa, ya ƙara. Ina tsaye ina kallon ran tsuntsun yana raguwa. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da shi, amma ba a ce wa dattijo dakata a gaban jama'a, a ƙofar gidansa. Tsuntsun ya faɗi. Majalisa ta ɗauki sowa.

"Alhaji maharbi!" in ji Tela. "Yaro ya yi wata da watanni, babba ya gama kafin shayi ya huce!"

Na san in na kashe gem ɗin a take, komai zai koma yadda yake, tsuntsun ya dawo. Amma Alhaji ya miƙo mini yana murmushi ya ce, "To adana mini, kada aikina ya ɓace." Na adana masa da ɗan yatsana.

Da Oga ya dawo ya ji, sai da ya zauna a kan benci don dariya.

"Kun kashe shi? Kuma kun adana gawar? Kai, mutanen Katsina! Ladabi zai kashe ku."

"Babu wata hanya?"

"Sai dai ka goge komai ka faro daga farko."

Na goge a gabansa. Dodannin da na yi watanni ina kiwo suka tafi lokaci guda. Oga ya daina dariya.

Zagaye na biyu ya fi na farko ɗaci, domin na san hanya kuma na san nisanta. Na yi shi cikin zafin bazara, na shiga damina da leda a kan teburi. Masu rediyo suna zuwa suna masifa. Tela kullum da abin faɗa.

"Mai rediyo, ƙasa ta canza gwamnati, sa'o'inka suna bin 'yan siyasa suna samun na cefane, kai kana zamne kana kiwon aljanu."

"Su ma aljanun suke kiwo," na ce masa. "Nawa dai ba sa yi mini alkawari."

Wannan karon na yi shiri. Na reni wani dodo mai sa barci, na tara ƙwallaye iya abin da jakar ɗan mutumin za ta ɗauka. Da na isa bakin kogon na adana, na tsaya. Oga ya ba ni shawara ta hankali.

"Ka tafi da shi ɗakinka, ka rufe ƙofa, ka kama abinka. Wa zai sani?"

Na ce a'a. A ɗaki ai sata ce. A inda aka karɓe shi daga hannuna, nan nake so in kama shi.

Washegari bayan la'asar, benci ya cika, ana gardamar wa zai samu kwamishina, na ce da ƙarfi, "Ga tsuntsun nan ya dawo."

Aka taso kamar wancan karo. Tela ya taɓa ni. Ban motsa ba. Alhaji ya ajiye kofinsa, ya miƙo hannu.

"Alhaji," na ce, "wanga karon ni zan jefa."

Hannun Alhaji yana nan a miƙe, ina ganinsa ta gefen ido. Na sa dodona ya bugi tsuntsun a hankali, kaɗan-kaɗan, har ransa ya koma kamar zare. Na sa shi barci. Na jefa ƙwallo, ta wuce shi. Na sake jefawa, ta kama, ta girgiza, ya fasa ya fito.

"Kai yaro," in ji Alhaji. "Da kai nake."

"Na ji, Alhaji."

"Mi ya same ka?" Tela ya raɗa mini. "Ka sha wani abu ne? A ƙofar gidansa fa kake."

Tsuntsun ya farka ya ƙone mini dodo ɗaya, ya ƙone na biyu. Na sake sa shi barci. Gumi yana sauka daga goshina kan gilashin, ina gogewa da hannun riga. Ƙwallaye suna ƙarewa. Na san in suka ƙare zan iya kashe gem ɗin in sake gwadawa, amma na kuma san da zarar na ɗaga kai daga gem ɗin, zai bar hannuna. Don haka ban ɗaga ba. Jefawa kawai nake.

Sai wata ta kama. Ta girgiza, ta sake girgizawa, ta ƙara, ta tsaya cik.

Babu wanda ya yi sowa. Oga ne kaɗai ya ce "Yauwa" ciki-ciki, sannan ya wayance da tari. Na adana, na ɗago. Alhaji ya riga ya janye hannunsa. Ya dube ni ya daɗe, ya sa takalmansa, ya shiga gida. Shayinsa ma bai ƙarasa ba.

Da safe Tela ya kawo saƙo. Ɗan Alhaji zai shiga siyasa, ana bukatar wurin teburina don a kafa rumfar magoya baya.

"Ka sayi goro ka shiga ka durƙusa ma Alhaji," in ji Tela. "Ka san halinsa, yanzu zai huce. Ce masa za ka yi sharrin shaiɗan ne."

"Ba shaiɗan ba ne. Ni ne."

Na shiga dai na yi wa Alhaji godiyar zaman da ya ba ni, domin ya cancanci wannan. Haƙuri ne ban ba shi ba. Na nemo mai kura, Oga ya kama mini muka ɗora teburi da kwalayen rediyo da batirin babur, muka tura zuwa Ƙofar Durbi, inda na samu gefen wani bango da ba ya inuwa sai yamma. Masu kawo mini gyara da yawa ba su biyo ni ba. Na sha wuya kafin wurin ya karɓe ni, kuma har yau ban tara abin kirki ba.

'Yan tsohuwar majalisar da suka rage, in sun gan ni, suna nuna ni ga abokansu: ga wanda ya rasa wurin sana'a saboda tsuntsun gem. Gaskiya suke faɗa. Abin da ba sa ƙarawa shi ne na kama shi.