Ƙarin Girma a Cikin Ruwa

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, irin wanda aikin ya shige masa jini. Ko nama nake rabawa a miya, sai ya leƙa ya ga ko an bi girma da girma. Ni kuwa tela ce a Maitumbi, ban san matakin albashi ba, ban san gaba da baya a ofis ba. Abin da na sani, idan riga ta yi wa yaro yawa, ajiye ta ake yi sai ya girma.

'Yarmu ta fari, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, tun tana rarrafe take da ƙulafucin ruwa. In na neme ta na rasa, to tana cikin baho. Da ta kai shekara bakwai sai wata mai kawo mini ɗinki ta ba ni labarin ƙungiyar ninkaya ta yara, masu aron tafkin wani otal a cikin gari. Na ɗinka mata doguwar rigar ruwa har wuyan hannu da idon sawu, muka hau Keke muka tafi. Ranar na ga farin ciki tsagwaronsa. Da ƙyar aka fito da ita, yatsunta duk sun yamutse, tana waƙa har muka iso gida.

Kocin da ke horar da su Banufe ne, ya tashi a bakin kogi, daga baya ya je ya yi karatun abin. Ya raba yaran gida uku: Kwaɗi, Tarwaɗa, da Giwan Ruwa. Kwaɗi ba su da aiki sai wasa. Su busa kumfa, su kwanta rigingine a kan ruwa, su nutse su tsinto cokali, wani lokaci ma a fito da su waje su yi guje-guje da ƙwallo. Tarwaɗa su ake koya wa salon iyo daki-daki. Giwan Ruwa su ne manya, masu dogon atisaye, kuma su kaɗai ake kai wa gasa. Ya gaya mana tun farko cewa yin gwanin ninkaya aikin shekaru ne masu yawa, kuma ba ya matsar da yaro gaba sai jikinsa da ƙashinsa da numfashinsa sun nuna sun shirya. Duk muka gyaɗa kai, don a lokacin babu wanda aka tsallake wa ɗa.

Mu iyaye muna da rumfarmu a gefe. Yawancinmu ma'aikata ne, kuma in ka tara mu kaf ka jefa a tafkin nan, sai dai a kira masu ceto. Amma wajen ba da shawara babu na biyunmu. Akwai wani babba a ma'aikatar gona da ke tsayawa da babbar riga yana nuna wa ɗansa yadda ake wurga hannu, har hularsa ta taɓa faɗawa ruwa.

Shekara uku Uwata tana cikin Kwaɗi, kuma ko a jikinta. Ni ma ban damu ba. Matsala ta faro ranar wata Asabar da maigida ya raka mu, ya ga wata yarinya da ta shigo bayan tamu an ba ta hular Tarwaɗa.

Ya ce mini, "An tsallake ta."

Na ce, "Wa?"

"Uwata. Waccan ai ƙanwar bayanta ce a wurin nan."

Ban yi masa dariya ba, don na san inda ke masa ciwo. Shi kansa ya daɗe a mataki ɗaya, yaran da ya koya wa aiki sun wuce shi, har yana tashi tsaye in sun shigo. Ya nufi kocin cikin ladabi ya nemi bayani. Kocin ya ce da Hausarsa, "Alhaji, yarinya yana da kyau sosai. Kafada bai yi karfi ba. Bari shi ya yi wasa."

Maigida ya dawo yana huci. Shi a duniyarsa, duk wanda aka ce wa ya ƙara haƙuri, to an riga an ba wani kujerarsa.

Kafin wata ya zagayo an kafa kwamitin iyaye. Akwai shugaba, akwai mataimaki, akwai sakatare, har da mai tsawatarwa, alhali dukanmu ba mu cika rumfar ba. Maigidana ne sakatare, kuma ban taɓa ganinsa da kuzari irin na lokacin ba. Suka yanke cewa duk yaron da ya shekara biyu a rukuni ɗaya ya cancanci ƙarin girma, kuma wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Da kocin ya turje, sai suka bi ta sama, kamar yadda suka saba: suka sami manajan otal suka ce za su kwashe yaransu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kocin ya ce to, ya ji.

Har biki aka yi, da rumfar haya da lemo da jawabin shugaba. Da aka zo kan Uwata sai maigida ya miƙe ya yi bayani cewa tun bara ya kamata a matsar da ita, saboda haka tana bin ariyas, wato bashin ƙarin girma. Aka tafa. Aka tsallake da ita Tarwaɗa gaba ɗaya, aka ɗora mata jar hular Giwan Ruwa. Tana ta murna, hular ta rufe mata gira. Ni ma na yi guɗa, ba zan ɓoye ba, don wace uwa ce za ta ga ana tafa wa 'yarta ta ɗaure fuska?

Giwan Ruwa samari ne da 'yan mata masu shekara sha huɗu, sha biyar, kafaɗu kamar na masu dako. Atisayensu kai da komowa ne ba hutu. Kocin ya rage mata abin da zai iya ragewa, amma duk da haka kullum ita ce a baya, tana rataye a bakin tafki tana haki, manyan suna kewaye ta suna wucewa. Ta fara kukan kafaɗa, ina gasa mata da ruwan ɗumi. Waƙar cikin Keke ta ɗauke. Da aka kai su gasa Abuja, sauran har sun fito suna goge jiki ita tana tsakiyar tafki, 'yan kallo suka yi mata tafin nan na tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. Bayan nan duk ranar atisaye sai ciwon ciki ya tashi, da lokaci ya wuce kuma ya warke.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tare maigida na ce, "Abban yara, yarinyar nan da ba a raba ta da ruwa, yau wanka ma sai na yi faɗa. Kai ka hau da ita, kai za ka sauko da ita."

Ya ce, "Kin san abin da kike faɗa? Rage girma sai wanda ya yi laifi."

Na ce, "To ita wane laifi ta yi da aka ƙara mata?"

Ya yi kwanaki ba ya cin tuwona da daɗi. Amma yana son Uwata fiye da yadda yake son kujera, wannan na shaide shi. Ya sa kaftaninsa na zuwa ofis, ya je gaban mutumin da suka kai ƙara, ya roƙi a mayar da 'yarsa baya. Kocin bai ja zance ba, ya ce ta zo Asabar, wurinta yana nan.

Maigida ya dawo gida da fara'a, har da tsarabar balangu, yana kira tun daga ƙofa. "Uwata, albishirinki! Na gyara miki. Za ki koma wurin ƙawayenki, ki yi ta wasanki."

Tana zaune a kan tabarma tana aikin makaranta. Ta ɗago ta dube shi, babu fushi a fuskarta, ta ce, "Abba, ni in koma cikin Kwaɗi? Ai duk na riga su zuwa. Sai a ce na kasa."

Babu kalma ɗaya a cikin maganar nan da ba daga bakinsa ta koya ba. Ya ajiye balangun a gefena ya zauna. Na lallashe ta, shi ma ya lallashe ta, kocin ma ya aiko a gaishe ta. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Uwata ba ta sake shiga ruwa ba.