Atamfar da Rana Ta Ci

Goggona, ƙanwar mahaifina, da dillancin kwanuka da zannuwa ta fara, gida-gida a cikin Daura. Da ta lura mata da yawa sun gaji shaguna, amma dillalai maza ba sa wuce zaure balle su zauna da su, sai ta ajiye ƙunshin zannuwa ta koma nema wa shagunan nan 'yan haya. Na shiga hannunta bayan na gama difloma, da wayata da girman kaina.

Tana da wata al'ada da ke ba ni haushi. Ba ta kai mutum shago sai ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta wuni a ƙofarsa, tun hantsi har rana ta yi ja. Tana duba inda rana ke faɗawa, da inda ruwan kwata ke bi, da gefen titin da mutane suka fi takawa. Ni kuwa kunya nake ji ƙawayena su wuce su gan mu zaune kamar masu tallar ƙosai.

Wata shekara ciwon ƙafa ya kwantar da ita. A makon wata mata ta zo, mai sayar da atamfa a ɗakinta, ta sayar da tumakinta tana son shago na farko a rayuwarta. Akwai wani shago a hanyar Zango, sabon fenti, ƙofa mai faɗi. Na je da safe, na ɗauki hoto, na ƙulla magana kafin azahar.

Goggo ta tambaye ni, "Kin zauna, 'yar nan?"

Na ce, "Na zauna, Goggo." Ƙarya na yi.

Ashe shagon yamma yake kallo. Daga la'asar rana ke shiga har ƙuryarsa. Ba a jima ba matar ta zo gidanmu da turmi uku, duk sun koɗe ta inda aka ninke su. Ba ta yi faɗa ba, hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi, tana cewa jarinta ke nan. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Goggo ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Baiwar Allah, laifin gidan nan ne." Ta saye turmi ukun, ta sa aka goya ta a babur da ƙafar nan tata ta je ta lallashi mai shagon ya kafa rumfar kwano. Turmi biyu ta kyautar, ɗaya ta kai ɗinki.

Ta riƙa ɗaura zanen duk ranar da za mu fita aiki. Na ɗauka gori take yi mini, har na yi ta kumbure-kumbure. Rannan na kasa daurewa na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce, "Ke kika saya mini shi, ja'ira. Ya zan ƙi ɗaura zanen 'yata?"

Da ta rasu aka baje kayanta, kowa ya tsallake zanen, ni na ɗauka. Ina kewarta ƙwarai, musamman da la'asar.

Makon jiya ina zaune a kan kujerarta a ƙofar wani shago a hanyar Baure, wata mai wucewa ta ce, "Hajiya, zanenki ya koɗe fa."

Na ce mata, "Na sani." Na gyara zama, don rana ba ta gama juyawa ba.