Jirgin Bayan Rumbu

A duk unguwarmu a Talata Mafara gidanmu kaɗai ne ke da jirgin ruwa, kuma ko kududdufin kirki babu a kusa da mu. Jirgin na kawuna ne. Da can yana fiton mutane da shi a dam, ta wajen Maradun, har ranar da injin ya yi tari ya mutu. Kawu ya sayar da injin, ya ɗoro gawar jirgin a tifa, ya sauke mana ita a bayan rumbu, ya tafi kudu neman wani abin. Na faiba ne, irin robar nan mai tauri da ake yin tankin ruwa da ita. Tun ina rarrafe yake nan, damina ta dake shi, rana ta gasa shi, awaki su hau kansa su yi taro.

Ban taɓa damuwa da shi ba sai bara, da Yaya ya yi aure. Ɗakin da muke kwana ni da shi aka shafe da fenti aka kawo amarya, ni kuma aka miƙa mini tabarmata aka nuna mini ɗakin Kaka. Ni, ɗan babbar sakandare, mai gashin baki har guda bakwai idan an duba da rana! A ɗakin Kaka akwai ƙannena uku, akwai kaza mai kwanci a ƙarƙashin gado, akwai rediyon da ba a kashewa, sannan akwai Kaka kanta, wadda minsharinta ke sa kwanon rufi rawa. Abokaina suka samu labari. Har wanda bai iya karatu ba ya iya tambayata ko an goya ni jiya.

Da bazara ta shigo kowa ya fito waje kwana, sai na haye hancin jirgin, inda yake a shafe, na shimfiɗa tabarmata. Iska na kaɗawa, babu ƙafar yaro a bakina. A nan tunanin ya zo mini: wannan abu ai ɗaki ne, rufi kawai ya rasa.

Ban gama jin daɗin tunanin ba sai ga aminin Baba daga Damaga, makiyayi ne, Baffa muke ce masa. Bayan sun gaisa, gaisuwar da ta tambayi lafiyar kowace saniya ɗaya bayan ɗaya, sai na ga sun nufi bayan rumbu. Baffa ya ɗora sandarsa a kan jirgin yana aunawa.

“Wanga ai kwami na,” in ji shi. “Shanu goma su sha ruwa ba mai turin wani.”

“Ɗauki abinka,” in ji Baba. “Ya tsare mamu wuri.”

Na faɗo daga kan katangar da nake zaune ina sauraronsu kamar an harbo ni. Na durƙusa, na gaida Baffa, na gaida shanunsa, sannan na ce wa Baba ɗakina ne ake kyauta da shi. Baba ya leƙa cikin jirgin, ya toshe hanci, ya dube ni.

“Nan za ka kwana? Da kwaɗi?”

“Zan gyara, Baba.”

Baffa ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce shi ba ya gaggawa, rijiyarsu ba ta gudu. Sai Baba ya yanke magana. “To ji nan. In ruwan farko ya zaka, tabarmarka tana ciki busassa, jirgi naka na. In ta jiƙe, Baffanka shi ɗauka, kai ko ka koma wurin matarka.”

Matata ita ce Kaka. Tana zaune a gindin darbejiya tana jin komai. Ta ce, “Angona, kak ka wahal da kanka. Ka gama yawonka ka dawo, ɗaki na nan.”

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. A aji jikina ne kawai ke kan benci. Ana tashi nake rugowa gida, in jefar da jaka, in faɗa jirgi.

Daben cikinsa na katako ne, an lulluɓe shi da faiba. Da na taka da ƙarfi sai ƙafata ta nutse har ƙauri, wani baƙin ruwa ya yi tsartuwa ya same ni a ido. Katakon ya zama kamar dafaffen rogo, da hannu nake ɗebe shi. A ƙarƙashinsa akwai soso mai kauri wanda ya sha ruwan damina tun ta shekarar da aka haife ni bai tofar ba. Wari kuwa, akuyarmu mai cin leda da sabulu ta sunsuna sau ɗaya ta bar unguwar sai magariba. Na fitar da kujeru biyu da suka ruɓe, da kwaɗin da suka kai a yi musu mai unguwa, da kunama mai iyali, da takalmin Yaya da aka doke ni a kansa tun ina firamare. Inna ta hana ni shiga madafa. A bakin zaure ake ajiye mini tuwo, kamar mai ƙyanda.

Da na kankare ƙasan tas, can baya inda injin yake zama, sai na ga wani rami, zagayayye, babban yatsana na shiga. Laka da ganyen darbejiya sun cushe shi. Na zura kara na ga ya fita waje. Na yi ihu na kira Baba.

“Ga ɓarawon! Ta nan ruwa ke shiga!”

Baba ya sunkuya ya duba, ya gyaɗa kai. “Lalle. Jirgi da huda ai ba jirgi ba na. Toshe shi da kyau.” Yaya ma ya zo ya duba ya ce a toshe. Maƙwabcinmu mai shayi ya ce tun farko shi ya san akwai huda. Duk cikinmu babu wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa.

Ranar Talata na shiga kasuwa wurin mai liƙin robobi, na yi masa jigilar bokitai har la’asar, ya ba ni gam mai haɗi biyu da wani farin ƙyalle mai ƙyalli. Bai gaya mini ƙyallen yana ƙaiƙayi ba. Na liƙe ramin ta ciki, na liƙe ta waje, na ƙara wani a kan wani, har wurin ya yi tudu. Sannan na kwana biyu ina susa kamar biri. Kaka ta ce ƙazuwa ce, kada in matso kusa da ita.

Sai wata matsalar. Da na cire daben, cikin jirgin ya zama kwari, ko ta ina na kwanta sai in gangara tsakiya in naɗe kamar tabarma. Katako kuwa babu mai ba ni. Ina tsaye ina cizon yatsa Kaka ta zo da sandarta ta leƙa.

“Mi kaka kallo? Ɗakin da ba daɓe ɗaki na? Tahi ka ɗebo jar ƙasa da tsakuwa.”

Ashe duk tsiyar da take mini tana lura. Ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake zuba ruwansa a daɓe don ya yi ƙarfi, ta aika aka kira ƙawayenta biyu. Na yi ta jido ƙasa a baro har kafaɗuna suka daina gaisawa da wuyana. Tsofaffi uku suka shiga jirgi da madaɓai, suna bugu suna waƙa, kuma duk waƙar a kaina take: ango ya yi yaji, ango ya gina ɗaki cikin kasko. Yaran unguwa suka cika katanga. Amma daɓen ya yi kyau, ja, sumul, har ina ganin goshina a ciki.

Duk wannan aikin da ido ɗaya nake yin sa, ɗayan yana gabas. Zafi ya kai inda ƙadangare ke neman inuwa. Kullum da yamma hadari ya taso, ya yi baƙi, ya yi gurnani, sai kuma iska ta watsa shi. Baba ya riga ya yi binne a gonarsa ta hanyar Bakura, iri na cikin busasshiyar ƙasa yana jira, shi ma ba ya iya zama. Mu biyu muke fita tsakar gida muna kallon sama ɗaya, kowa da abin da yake roƙo. A masallaci idan liman ya roƙi ruwa, sahu ya ɗauka da amin, tawa amin ɗin a maƙogwaro take tsayawa. Ba cewa nake kada a yi ruwa ba, cewa nake a ɗan jira daɓe ya bushe. Kaka ta gane ni. Ta ce idan gero bai fito ba bana, ta san wanda za ta nuna wa mutane.

Na kafa sanduna huɗu, na ɗaura tsohon tamfal ɗin da Baba ke shanya barkono, na ɗaure da igiyar guga. Ragowar fentin ɗakin amarya na shafe bangon ciki da shi, shuɗi. Na rataya madubin babur, na kafa ƙusa don rigar makaranta, na shimfiɗa tabarma. Abokaina da suka yi mini dariya suka zo suna roƙon a bar su su zauna. Na sa doka: a cire takalmi, kuma wanda ya taɓa cewa an goya ni, daga waje zai yi hira.

Kwana kaɗan na yi ina sarauta.

Muna Islamiyya da la’asar gabas ta yi baƙi, irin baƙin da ba ya wasa. Iska ta fara da kwashe hular malam. Kafin a ce a tashi na riga na kai ƙofa. Ina gudu ruwa na dukana kamar da tsakuwa, mutane na tsaye a bakin shaguna suna hamdala, ni ina tsallake kwata. A bakin layinmu na haɗu da tamfal ɗina, ya nufi yamma, ko sallama bai yi mini ba.

Jirgin kuwa ya samu abin da ya shekara yana jira. Ruwan sama na zuba, ruwan indararon rumbu ma ciki yake sauka. Na faɗa ciki, ruwa ya kai mini ƙauri, tabarmata na yawo a kai. Na tsaya ina neman ta inda zai fita, idona ya sauka a kan tudun gam ɗina can baya, inda duk ruwan ya gangara ya taru. Nan na gane. Ramin nan ba ƙofar shiga ba ce. Wanda ya ƙera jirgin ya bar shi ne don ruwa ya fita, laka ta toshe shi shekara da shekaru har katako ya ruɓe, ni kuma na zo na ƙarasa mata aikin da gam.

Na ɗauko ƙusa da dutse na yi ta bugu a cikin ruwa. Ƙusar ta lanƙwashe. Na kira ƙannena mu karkata jirgin, amma da ƙasar da na jido masa ko raƙumi ba zai motsa shi ba. Na koma kwarfa da ƙwarya, ina zubar da ɗaya sama na zubo goma, sabon daɓe na narkewa a ƙafafuna kamar kunun kanwa.

Sai ga Kaka cikin ruwa, ta kifa faranti a ka, ta ɓoye wani abu a cikin zane. Tabarmarta ce, busassa.

“Karɓi, shashasha! Ba ni waccan kahin ubanka shi shigo.”

Na karɓa na riƙe ta a sama, ina neman inda zan shimfiɗa ta, babu. A haka Baba ya same mu. Ya shigo jiƙe sharkaf, bakinsa har kunne saboda gonarsa. Ya dubi tafkin, ya dubi tabarmar da ke hannuna, ya dubi uwarsa da faranti a ka.

“Inna, har da ke?”

“Ni shanya na taho ɗauka,” in ji Kaka, ta juya abinta.

Baba ya yi dariya har ya dafa rumbu. Na ɗauka dariyar za ta cece ni. Da ya gama ya share fuska ya ce, “Magana magana ce. Ka yi aiki, na gani. Amma na riga na faɗa gaban Baffanka.”

Bayan kwana biyu Baffa ya zo da amalanke da samari. Ruwan na nan yadda yake, ko ɗigo bai ragu ba. Ya zagaya ta baya, ya shafa tudun gam ɗin, ya ce, “Wa ya yi wanga liƙi? Allah shi yi ma albarka, yaro.” Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini ciwo irin wannan ba. Ni na fasa daɓen da hannuna, na kwashe, aka ɗora jirgin. Na cire madubina. Har suka sha kwana ina hango shuɗin fentin.

Da na dawo bayan rumbu sai na ga wurin da jirgin ya tashi: fili ne, dogo, ƙasarsa baƙa mai laushi. Na auna da ƙafa, ya isa ɗaki har da ’yar baranda. Na ruga na gaya wa Baba in aka yi girbi ni zan buga tubali da kaina. Ya ce mu ga abin da damina ta yi. Ban yi barcin kirki ba, ina ta gini a kaina, ƙafar autanmu a wuyana.

Da safe na fito da igiya da turaku zan kafa iyaka, na tarar da Kaka a duƙe a tsakiyar filin da ’yar fartanyarta. Har ta kai layi na uku.

“Kaka, ɗakina ne fa!”

“Kuɓewa ta,” in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Matsa, kana taka man iri.”